Ƙwarnafi, Kanwa da Hukuncin Tumbi



A kowace shekara, idan aka kwana biyu da yanka ragon layya, aka ci soyayye da gasasshe, aka bi da kayan ciki da yaji, koke iri ɗaya ake ji a zauruka da majalisu: wannan ya ce cikinsa ya ɗaure kamar ganga, wancan ya ce ƙwarnafi ya hana shi runtsawa, wani kuwa gyatsa mai tsami ce ta addabe shi. Sababin ba ɓoyayye ba ne, domin maiƙo yana jinkiri a tumbi, kuma idan mutum ya kishingiɗa da cikakken ciki, ruwan tsamin da ke narka abinci yakan taso maƙoshi ya ƙona ƙirji.

A nan ne iyayenmu mata kan ɗauko gutsuren jar kanwa, irin wadda fatake ke kawowa daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi, su jiƙa a ƙoƙo, su bari laka ta kwanta, sa'an nan su tsiyaye. Akwai hikima a ciki, gama kanwa tana karya kaifin tsamin nan, gyatsar da ke biyo baya kuwa iskar haɗuwarsu ce. Illa dai kanwa dangin gishiri ce, saboda haka mai hawan jini ya yi hattara da ita.

Amma ciwon da ke tafiya yana dawowa, wanda jama'a ke yi wa kuɗin goro da sunan olsa, hukuncinsa daban ne. Tun 1982 likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka bayyana ƙwayar cutar da ke haddasa galibin gyambon ciki, binciken da ya ba su lambar Nobel a 2005; ƙwayar kuwa ba ta jin kanwa, sai gwaji da maganin asibiti. Haka nan yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki, irin su aspirin da ibuprofen, yana cinye bangon tumbi.

Ladabin da malamai ke karantarwa daga hadisi, na raba ciki sulusi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, yana taimakawa wajen rigakafin ƙwarnafi. Wanda kuwa ya ga baƙin bayan gida, ko jini a amai, ko rama ba dalili, to, ya nufi asibiti tun da wuri.

Allah Ya ƙara mana lafiya.