SAURO A TSAKAR GIDA

Jawabinmu na yau a kan sauro ne, musamman ga mutanenmu na ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, tun daga Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har zuwa Kuci. Bazara ta shigo, ɗaki ya ƙi kwantuwa, kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Damina kuwa tana tafe. To, yanzu ne lokacin shiri.

Da farko sai mu san abokin gāba. Macen sauro ita kaɗai ke cizo, don sai ta sha jini ƙwanta ke nuna. Ba ta yin ƙwai sai a ruwa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil da kuke gani cikin randa. Lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike kwana 7 ne zuwa 10. Ku riƙe wannan lissafi. Ruwan da bai cika mako guda a zaune ba, da wuya ya fid da sauro.

Sauro iri uku ne suka fi damunmu. Na farko shi ne mai kawo zazzaɓin cizon sauro, watau maleriya. Da dare yake cizo, in ya sauka a bango sai ka ga ya ɗaga bayansa sama. Ya fi son ruwan da rana ke bugu, kamar kududdufi, da ramin da aka haƙi ƙasar gini, da sawun shanu a bakin rijiya, da ruwan da ya kwanta a fadama. Na biyu baƙi ne mai zane fari a ƙafa, da rana yake cizo. Gidansa randa da tulu da gwangwani da tsohuwar taya. Shi ke kawo shawara, da wani zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi da ake kira dengi, wanda ya ɓulla a Jihar Sakkwato a 2023. Na uku shi ne mai kuka a kunne, mai haihuwa a kwatami da rariya da masai.

A 1897 wani likita Bature, Ronald Ross, ya gano ƙwayar maleriya cikin cikin sauro a ƙasar Indiya. Sauro ya ciji mai zazzaɓi ya ɗauki ƙwayar, ta yi kamar kwana 10 zuwa 14 tana girma a jikinsa, sa'an nan ya zuba wa mai lafiya. Shan rana da cin ɗanyen mangwaro ba su sa maleriya.

Wani zai ce, ai feshi aikin gwamnati ne. To, ku ji abin da ya faru kusa da mu. A 1954 aka soma babban aikin feshin ɗakuna a ƙasar Gwandu, wajen Birnin Kebbi. Kafin 1955 ta ƙare aka tarar a Ambursa sauro ya daina mutuwa da ɗaya daga cikin magungunan, wanda ake kira diyaldirin. Aka sake gwada feshi a Garki, wadda ke Jihar Jigawa yanzu, tsakanin 1969 da 1976. Zazzaɓi ya ragu, amma da aka daina sai ya komo. Watau feshi kaɗai ba ya gama aikin. Dole mai gida ya sa hannu.

Ga abin da za ku yi. Ku zaɓi rana ɗaya a mako, ko Jumma'a ko ranar kasuwarku, ku kewaya gida.

Randa da tulu da duro, a juye ruwan, a goge cikinsu da soso ƙwarai, don ƙwan baƙin sauro yana mannewa jikin randa, yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba. In ruwa na wuya, kada a zubar. A tace shi da tsabtataccen ƙyalle, a wanke randar, a mayar, a rufe da faifai ko murfin da ya zauna daidai.

Kaskon ruwan kaji da na awaki, a sake ruwansu kullum. Gwangwani da sakaina da fasasshiyar tukunya da leda, a tattara a binne. Turmi da ƙwarya, a kife su. Tsohuwar taya, a huda ta ko a cika ta da ƙasa.

Rariya, a share ta ruwa ya wuce. Ruwan wanka kada ya kwanta bayan katanga ya dami maƙwabci. A haƙa rami, a cika shi da duwatsu, a rufe, ruwan ya nutse. Bakin masai a yi masa murfi. Bakin rijiya a ɗaga shi, a cike sawun dabbobi da tsakuwa. Kada ko kusa a zuba kananzir ko baƙin mai ko maganin ƙwari a ruwan da mutum ko dabba za su sha.

Ramin ƙasar gini da ke bayan gida ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gaya wa mai unguwa, a yi gayya a cike shi tun ruwa bai sauka ba.

Duk da haka, wanda ke kusa da fadama ko gulbi ba zai rasa sauro ba, don yana tasowa daga nesa. Saboda haka gidan sauro mai magani wajibi ne. Mai kwana a waje ya kafa sanda huɗu ya ɗaura, ya cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a shiga. In ya yi dauɗa a wanke da sabulu a hankali, a shanya a inuwa. In ya yage a ɗinke. Kada a mai da shi shingen lambu ko komar kifi. In bai ishi kowa ba, a fara ba mai ciki da ƙananan yara, gama su zazzaɓi ya fi kashewa.

Da damina ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida wata-wata da maganin rigakafi na yara, daga ɗan wata 3 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba. Na kwana uku ne. Uwa ta tabbata ta ba da na rana ta biyu da ta uku. Mai ciki kuma ta riƙa zuwa awo, a can za a ba ta nata.

In jikin yaro ya yi zafi, kada a kwana ana jira. A kai shi ɗakin magani a ɗiba jininsa a yatsa a duba. In maleriya ce, a sha magani har kwana ukun su cika, ko da ya sami sauƙi. Kulorakwin an daina aiki da shi tun 2005, don ƙwayar ta saba da shi. Yaron da ke sanƙarewa, ko ya kasa shan nono, ko tafin hannunsa ya yi fari, a garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne.

To jama'a, kun ji. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiyar cin amfaninta, amin.