Damina, Man Shafawa da Harsashin da ke Ƙin Tashi a Illela

Farauta a ƙasar Illela sana'ar rani ce. Sai an kawar da gero da wake daga gona, ciyawa ta bushe, sannan maharba ke fita neman zomo, fakara da zabin daji. Daga watan Yuni zuwa Satumba kuwa bindiga tana rataye, harsashi yana cikin jaka ko ƙarƙashin gado. A wannan zaman jiran ne yawancin harsashi ke lalacewa ba tare da mai shi ya sani ba.

Da can maharbi bindigar toka ya sani, wadda ake ɗurawa ta baki. Ya san halin albarushi sarai: in ya sha raɓa zai dunƙule, sai a shanya shi. Ido yana ganin ɓarnar. Da bindigogi masu cin harsashin kwanso suka yawaita, sai ɓarnar ta koma ciki, inda ba a gani. Mafi yawa a hannun maharba harsashin gwangwani ne mai ƙananan dalma, amma wanda ya fi saurin lalacewa shi ne ɗan ƙaramin nan mai lamba .22, wanda kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fara fitarwa a 1857, aka kuma samar da dogon samfurinsa a 1887.

Rauninsa daga ƙirarsa yake. Sinadarin da ke tayar da wuta ba a tsakiyar gindin kwanson yake ba, an zuba shi ne a cikin leɓen da ya kewaye gindin. Dalmar kuma ba a matse ta da ƙarfi a bakin kwanso ba, har yatsa kan iya juya ta. Harsashin soja ana liƙe bakinsa da gindinsa da wani irin fenti don hana ruwa shiga, shi kuwa .22 ɗan kakin da ke jikin dalmar kaɗai ya dogara da shi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kakin yana laushi. Sai Agusta ta zo da iska mai laima, ta tarar da ƙofa a buɗe.

Mai ya fi ruwa ɓarna, ga shi kuma da kyakkyawar niyya ake shafa shi. Maharbi ya gaji al'adar jiƙa bindiga da mai don tsoron tsatsa, ko man keken ɗinki, ko baƙin mai, ko na feshi irin su WD-40, waɗanda aka yi su musamman don su ratsa ƙaramar kafa. In aka bar harsashi cikin bindigar da ke naso, man yakan bi gefen dalma ya isa ga garin albarushin da ke ciki, ya kashe shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa harsashi ke daɗewa a ajiye. Dokar makamai ta 1959 ta bai wa kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon ba da lasisin bindigar toka, amma na bindigar kwanso sai daga ofishin Sufeto Janar, wanda a watan Agustan 2023 ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. A watan ne kuma aka rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni bayan juyin mulkin Nijar, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Ga matsalar 'yan bindiga a gabashin Sakkwato, wadda ta sa duk mai ɗauke da harsashi ya zama abin zargi a shingen jami'an tsaro. Don haka wanda ke da 'yan ƙwayoyi yakan riƙe su damina bayan damina.

Sakamakon iri uku ne. Mafi sauƙi, a ja kunama a ji shiru, nama ya tsere. Na biyu, wuta ta makara, harsashi ya tashi bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, daidai lokacin da maharbi ya sauke bindiga ko ya juyo ga abokan tafiya. Shi ya sa masu koyar da harbi ke cewa a bar bakin bindiga yana kallon inda babu kowa na daƙiƙa 30 kafin a buɗe. Na uku ya fi muni: garin ya ci rabi, dalma ta maƙale a cikin bututu, harbi na gaba ya kumbura ƙarfen ko ya fasa shi a hannun mai shi. Bindigar da maƙerin gida ya haɗa ba ta da juriyar ta masana'anta a irin wannan hali.

Abin takaici, a wurare da dama ana danganta ƙin tashin bindiga da asiri ko maganin bindiga, sai a tafi neman makari a bar ainihin dalilin. Ƙungiyoyin maharba da sarakunan baka su ne suka fi kowa damar gyara wannan, domin maganarsu ake ji. Abin da za su koyar ba mai tsada ba ne: a goge cikin bindiga ya bushe kafin a sa harsashi, a cire shi in an dawo gida, a ajiye shi cikin gwangwani mai murfi nesa da ƙasa da randa. Wanda kwansonsa ya yi kore ko ya kumbura, a miƙa shi ga 'yan sanda, kada a jefa shi a wuta ko a bola inda yara ke tsince-tsince.