Amfani da Na'urar Hoton Sauti Wajen Gano Raunukan 'Yan Wasa da Magance Su

1.0 Gabatarwa

Ɗan wasa ba shi da jarin da ya wuce jikinsa. Ranar da tsokarsa ta yage ko agararsa ta tsinke, a ranar sana'arsa ke tsayawa, kuma abin da aka yi masa a makon farko shi ke nuna ko zai koma fili da ƙarfinsa ko kuwa da nakasa. Wani dogon nazari da hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta ɗauki nauyinsa tun daga 2001, a ƙarƙashin Farfesa Jan Ekstrand na ƙasar Suwidin, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na raunukan ƙwararrun 'yan ƙwallo a tsoka suke. Irin waɗannan raunuka kuwa hoton ƙashi, wato eksire, ba ya nuna su. Wannan maƙala za ta yi bayanin na'urar hoton sauti, wadda jama'a suka fi sani da sikanin saboda amfani da ake yi da ita wajen duba masu juna biyu. Za a duba yadda take gano rauni, da yadda take yi wa allurar likita jagora, da kuma inda ikonta ya tsaya.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa guda. Na'urar hoton sauti tana amfani da sautin da ke kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa. A bakin abin da likita ke ɗorawa a kan fata akwai wasu 'yan ƙananan duwatsu waɗanda ke karkarwa idan aka sa musu wutar lantarki, su kuma haifar da lantarki idan sauti ya buge su. 'Yan'uwan nan biyu na ƙasar Faransa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano wannan ɗabi'a a 1880.

Aikin na'urar daidai yake da na jemage, wanda ke sakin ƙara ya saurari amsa-kuwwa don sanin abin da ke gabansa. Sauti yana ratsa naman jiki da gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa. Duk inda ya iske iyaka tsakanin nama iri biyu, sai wani ɓangarensa ya dawo. Na'urar takan auna lokacin da ya ɗauka da kuma ƙarfin da ya dawo da shi, ta mayar da su hoto. Ruwa da jini sukan fito baƙi, ƙashi ya fito fari fat da inuwa a bayansa, tsoka kuwa ta fito da zane-zane kamar gashin tsuntsu. Man nan mai yauƙi da ake shafawa a fata, amfaninsa shi ne ya kori iska, domin iska tana mayar da kusan dukkan sautin baya.

Likitan mata Ian Donald na birnin Gilasgo shi ya fito da amfanin na'urar a asibiti, a wani rahoto da ya buga tare da abokan aikinsa a 1958. A 1972 aka bayar da rahoton amfani da ita wajen bambance ƙullin ruwa na bayan gwiwa da daskarewar jini a ƙafa, daga nan kuma sai likitocin gaɓoɓi da na 'yan wasa suka karɓe ta.

3.0 Gano Rauni

Kafin a ci gaba, ya kamata a warware wata kalma. A Hausa, jijiya ta ƙunshi abubuwa huɗu da likita ke bambancewa: hanyar jini, da zaren da ke kai saƙo daga laka, da igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, da kuma wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. A nan za a kira ta uku jijiyar tsoka, ta huɗu kuma jijiyar gaɓa. Haka nan kalmar targaɗe takan lulluɓe raunuka daban-daban, daga ɗan miƙewar jijiyar gaɓa har zuwa tsinkewarta gaba ɗaya. Babban aikin na'urar shi ne ta rarrabe abin da kalma ɗaya ta haɗe.

3.1 Tsoka

Rahoton da Ekstrand ya fitar a 2011 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na raunukan tsoka a bayan cinya suke, kashi 23 a matse-matsi, kashi 19 a gaban cinya, kashi 13 kuma a sha-raɓa. Tsokar bayan cinya takan yage ne a lokacin gudu mai tsanani. Ita ce ta kayar da Usain Bolt na Jamaika a tserensa na ƙarshe a Landan cikin watan Agustan 2017.

Bayan kwana ɗaya ko biyu da samun rauni, hoto yakan nuna inda zaren tsoka ya katse da kuma baƙin gurbin da jini ya taru. Likita zai auna tsawon yagewar da faɗinta, ya duba ko ta kai ga jijiyar tsoka, domin idan ta kai can jinya takan yi tsawo. Har ila yau, idan an daki ɗan wasa a cinya jini ya kwanta, wani lokaci ƙashi yakan fara tsiro a cikin tsokar, musamman idan an yi mata tausa mai ƙarfi da wuri. Hoton sauti yana riga eksire ganin wannan tsiro.

3.2 Agara

Agara ita ce jijiyar tsoka mafi kauri a jikin mutum, kuma takan tsinke ne a tazarar santimita 2 zuwa 6 daga inda ta kama dunduniya. Wanda abin ya sama yakan ji kamar an shaure shi ta baya, ya waiga bai ga kowa ba. Haka ta faru ga David Beckham a watan Maris na 2010 yana yi wa AC Milan wasa, abin da ya hana shi buga gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu a shekarar.

Haɗarin wannan rauni shi ne, mai shi yana iya ɗingishi ya tafi gida, saboda akwai wasu ƙananan jijiyoyi da ke motsa ƙafar. Sai a ɗauka targaɗe ne, a yi ta ja ana gasawa da ruwan zafi, alhali bakunan jijiyar suna ƙara nisa da juna. Madori yana da gwaninta a kan ƙashin da ya karye ko ya goce, amma hannu ba ya auna giɓin da ke cikin nama. A nan ne na'urar ta yi fice, domin tana nuna jiki yana motsi. Likita zai lanƙwasa ƙafar ƙasa yana kallon allo. Idan bakunan biyu suka haɗu, ana iya ɗaure ƙafar a wannan yanayi ta warke ba tare da tiyata ba. Idan kuwa giɓi ya rage, sai a karkata ga ɗinki.

3.3 Kafaɗa da Idon Sawu

Wannan dama ta ganin motsi tana da amfani a sauran gaɓoɓi. A kafaɗar ɗan dambe ko ɗan kokawa, likita zai sa a ɗaga hannu ya ga ko jijiyar tsoka tana maƙalewa a ƙarƙashin ƙashi. A idon sawu, zai ɗan ja ƙafar ya ga ko jijiyar gaɓa ta riƙe ko ta saki. Kuma cikin minti kaɗan zai iya duba ɓangaren da ke lafiya ya kwatanta su.

4.0 Jagorancin Allura

A da, likita yakan lalubi ƙashi da yatsa ya ƙiyasta inda zai soka allura. Da na'urar kuwa, yana ganin allurar a allo kamar farin layi tun daga fata har inda aka nufa, yana kauce wa hanyoyin jini da jijiyoyin laka. Ta haka ake zuƙe jinin da ya kwanta a tsoka ko ruwan da ya cika gwiwa, ake wanke farin dutsen da kan taru a jijiyar kafaɗa, ake kuma zuba maganin kumburi irin su kotizon a daidai jakar ruwan da ta kumbura. Daidaito a nan ba ƙaramin abu ba ne, domin kotizon da ya shiga cikin jijiyar tsoka yana raunana ta, har ya kai ga tsinkewa.

Sai dai isar allura wurin ciwo daban, amfanin abin da ke cikinta daban. Misali shi ne allurar da ake haɗawa daga jinin ɗan wasan kansa, bayan an tace shi an tattara ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa. Ta yi farin jini ƙwarai a manyan ƙungiyoyi. To amma a wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan aka buga a 2014, an raba 'yan wasa 80 masu raunin bayan cinya gida biyu, aka yi wa wasu wannan allura, wasu kuma ruwan gishiri zalla, duka da jagorancin na'urar. Matsakaicin lokacin komawa fili ya zo daidai a ɓangarorin biyu, wato kwana 42. Bugu da ƙari, akwai doka: tun daga 1 ga Janairu, 2022, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta kowace irin allurar kotizon da danginsa a lokacin gasa, sai da izini na musamman.

5.0 Iyakar Na'urar

Sauti ba ya ratsa ƙashi. Saboda haka jijiyoyin da suka gitta juna a tsakiyar gwiwa, da yawancin guringuntsin da ke cikinta, ba sa fitowa yadda za a dogara da su. Waɗannan sai hoton maganaɗisu, wato em-ar-ai, wanda kuma ya fi gano ƙananan raunukan tsoka masu zurfi. Karaya kuwa har yanzu eksire ne matakin farko. Daɗin daɗawa, ingancin hoton ya rataya ne a wuyan mai riƙe da na'urar. Idan ya ɗan karkatar da hannunsa, lafiyayyar jijiya sai ta fito baƙa kamar ta yage, wanda bai ƙware ba kuwa sai ya ba da rahoton ciwon da babu shi.

6.0 Kammalawa

An ga cewa na'urar hoton sauti tana nuna tsoka da jijiya suna motsi, tana bambance rauni mai sauƙi da mai haɗari, tana kuma kai allura inda ya dace. Ba ta da tururin da ke cikin eksire, kuɗinta bai kai na em-ar-ai ba, kuma yanzu akwai ƙananan da ake haɗawa da wayar hannu a kai su bakin fili. Tun da asibitoci da yawa sun riga sun mallake ta domin masu juna biyu, abin da ya fi ƙaranci shi ne ma'aikacin da ya koyi duba tsoka da gaɓa, da kuma kan na'ura mai kaifin sauti da ya dace da wannan aiki. Ga masu horar da 'yan wasa kuwa, duk ɗan wasan da ya ji ƙarar tsinkewa, ko ya kasa tsayawa a kan yatsun ƙafa ɗaya, ko kumburinsa ya ƙi sauka bayan 'yan kwanaki, a kai shi a duba kafin a ja ko a tausa. Hoto yana nuna yadda nama ya haɗe, amma ranar komawa fili ana tsayar da ita ne bayan an gwada ƙarfin gaɓar da gudu da tsalle, an ga babu ciwo.