Shin Ko Kun San? Gishirin Daboya da Man Kaɗen Saboba

Shin ko kun san abin da ya sa man kaɗe ke narkewa a tafin hannu, shi kuwa gishiri ko an bar shi a busasshen kasko bisa murhu sai dai ya yi ta tartsatsi? Ɗumin jikin mutum, digiri 37, ya isa ya sassauta curin man da matan Saboba da Yendi ke kai wa kasuwa. Gishiri sai wuta ta kai digiri 801.

Sirrin yana ga yadda ƙwayoyin zarra ke riƙe juna. A gishiri, sodiyam kan sallama wa kulorin ilektiron ɗaya kacokan, sai cajinsu ya zama kishiyar juna kamar kawunan batir, su manne. Kowane sodiyam na da kulorin shida kewaye da shi, kowane kulorin ma haka, har ƙarshen ƙwayar. Wannan ne haɗin ayonik, wato haɗin sallamawa. A man kaɗe kuwa ba mai ba wani, tarayya ake yi: kabon da haidurojin da oksijin kan riƙe ilektiron bibbiyu a tsakaninsu. Ba'amurke Gilbert Lewis ne ya bayyana hakan a 1916, Irving Langmuir ya raɗa wa wannan haɗin tarayya suna kobalen a 1919.

Ko kun san ruwan gishiri na ɗaukar wutar lantarki, na sukari ba ya ɗauka? Gishiri in ya narke a ruwa, ƙwayoyinsa masu caji kan watse su yi ta yawo. Na sukari kuwa, da yake haɗin tarayya ne, a dunƙule suke zama, ba caji.

Kada dai a raina haɗin tarayya. In mai ya narke, dunƙulayen ne kawai ke sakin juna, haɗin cikinsu yana nan daram. Lu'ulu'un da ake haƙowa a Akwatia kabon ne zalla, duk tarayya, kuma shi ake sa wa a bakin na'urar huda dutse.

Ta kanwa ta fi burge ni. Fataken Hausa sun sha ɗauko ta zuwa Salaga su koma da goro, ana baje ta a kasuwa ɗaya da gishirin Daboya. Kanwa ta haɗa sallamawa da tarayya: tsakanin sodiyam da kabonet sallamawa ce, a cikin kabonet ɗin kuma kabon ɗaya ke tarayya da oksijin uku.