Sarƙewar Inji a Mota Mai Turbo da Aka Yi wa Sauyi: Hanyar Gano Musabbabi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Hunkuyi a lokacin saran rake ya san yadda manyan motoci kan sha lodi suna tafiyar hawainiya. Direban ƙaramar mota yakan hango fili, ya fita hannun da ba nasa ba domin ya wuce, ya taka totur. A daidai wannan lokaci ne wani injin kan sarƙe, watau ya yi tari, motar ta riƙa fizga, ƙarfinta ya ragu, alhali ga wata mota tana tahowa. Wannan ciwo shi ne makanikai ke kira misin. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa sarƙewa alama ce kurum, kamar zazzaɓi a jikin ɗan Adam, kuma ana gano tushenta ta hanyar bincike daki-daki. Sayen kayan gyara bisa kirdado ɓarnar kuɗi ne.

Sauyin zamani

Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, makanikan Makarfi da Ikara da kunne suke gane ciwon 504, domin kafireta ce ke auna mai. Motocin Kwatano da suka biyo baya kwamfuta ce ke sarrafa injinsu, wasu kuwa suna ɗauke da turbo. Daɗin daɗawa, ba kasafai ake barinsu yadda aka ƙera su ba. Wani ya sa a sauya lissafin kwamfutar don ƙarin gudu, wani ya cire matatar hayaƙi da ake kira indomi, wani ya ɗora injin da ba na motar ba. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wasu sun mai da motocinsu masu amfani da iskar gas. Kowane sauyi daga cikin waɗannan yana taɓa ma'aunin da masu ƙira suka tsara.

Abin da ke faruwa cikin silinda

Injin fetur yana bin matakai huɗu ne, bisa tsarin da Nikolaus Otto ya kammala a Jamus a 1876: zuƙar iska da mai, matse su, ƙona su, sannan fitar da hayaƙi. Ƙonewa ba ta yiwuwa sai abu uku sun cika, watau tartsatsi mai ƙarfi a kan kari, da gaurayen da ya daidaita, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi, da kuma matsi isasshe. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana kama wuta sau 25 a daƙiƙa. In ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, silinda ta tsallake zagayenta, sarƙewa ke nan.

Shi kuwa turbo, wanda Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, farfela biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙin salansa yana juya ɗaya fiye da sau 100,000 a minti, ɗayar kuma tana cusa iska cikin inji, kamar yadda zugazugi ke yi wa wutar maƙera. A nan ne asirin al'amarin yake. A 1889 Friedrich Paschen ya nuna cewa ƙarfin lantarkin da tartsatsi ke bukata kafin ya tsallaka giɓi yana ƙaruwa gwargwadon matsin iska da faɗin giɓin. Sabili da haka fulogin da ke ba da wuta lafiya lau sa'ad da mota ke tsaye a gareji yana iya gazawa idan turbo ya cika silinda. In an ƙara wa turbo matsi ba a taɓa fulogi da kwayil da famfon mai ba, an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Matakan bincike

Mataki na farko shi ne tambaya. Yaushe injin ke sarƙewa, kuma me aka taɓa a motar kafin ciwon ya fara? Idan yana yi ne mota na tsaye, zargi ya fi karkata ga tiyo mai zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya, ko nozul mai datti, ko raunin matsi. Idan sai an taka totur sosai ko ana hawan tudu, to a dubi wuta da isar mai. Idan kuwa ya soma ne bayan an sha mai a wurin 'yan bumburutu, a fara da man. Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da gurɓataccen fetur ya lalata injuna a wasu biranen Nijeriya.

Na biyu, a tambayi kwamfutar motar. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka kafar da ake jona na'urar bincike, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu fetur. Lambar P0300 tana nufin sarƙewa a silinda barkatai, P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. P0171 kuwa tana nuna iska ta rinjayi mai. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin ciwon silinda guda yana ga kayanta, amma ciwon da ya game duka yana ga abin da suka yi tarayya a kai, kamar famfon mai ko na'urar auna iska.

Na uku, musanya. Alal misali, in an ga P0302, sai a ɗauke kwayil na silinda ta biyu a kai ta uku. Idan lambar ta koma P0303, laifin kwayil ne. In ba ta motsa ba, a musanya fulogi, sannan nozul. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo.

Na huɗu, a karanta fulogi. Baƙin kunkunniya alamar yawan mai ce, fari fat alamar ƙarancin mai da tsananin zafi, maiƙo kuma yana nuna baƙin mai na ratsowa. A auna giɓinsa. Injin da ba shi da turbo yakan ɗauki milimita 1.0 zuwa 1.1, mai turbo 0.7 zuwa 0.8, wanda aka ƙara wa matsi kuma yakan bukaci ƙasa da haka. Motar gas ma tana son wuta mai ƙarfi fiye da ta fetur.

Na biyar, a bi hanyar iska. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin gona tana toshe matatar iska, tana kuma ɓata na'urar aunawa. Tiyon da ya tsage tsakanin turbo da inji yana zubar da iskar da kwamfuta ta riga ta lissafa, sai mai ya yi yawa.

Na ƙarshe, a auna matsin kowace silinda. Idan wata ta kasa 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, to a zargi bawul ko ringi ko gasket. Sai a nan ne buɗe inji ya halatta.

Kammalawa

Sakaci da wannan ciwo yana da tsada. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa salansa ya ƙone a can, ya gasa farfelar turbo, ya narkar da matatar hayaƙi. Shi ya sa fitilar gargaɗi ke ƙyaftawa idan sarƙewar ta tsananta, kuma wajibi ne direba ya sassauta totur nan take. Ƙarancin mai a ƙarƙashin matsi kuwa yana iya huda fistan, gyaran da zai lashe albashin ma'aikaci na watanni.

Ga ɗalibi, darasin shi ne a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta sakamako. Ga ma'aikacin da ke kula da motocin hukuma, ya kamata kowace mota ta sami littafin da ake rubuta duk sauyin da aka yi mata, kuma kada a sa hannu a takardar sayen kaya sai an ga lambar da na'ura ta bayar. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa da aka kafa a Zariya a 1986 tana kusa da wannan yanki, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Abin da ya rage shi ne wannan ilmi ya isa ga yaran gareji na Hunkuyi da Kudan da Tashar Yari, domin a hannunsu motar ke kwana.