Akwatin Littattafai Don Ƙungiyarku

An gama girbi. Gero da dawa sun shiga rumbu, an kai riɗi da gyaɗa kasuwar Shuwarin. Daga yanzu har faɗuwar ruwa, wanda ba ya noman rani a fadama yana da sauran lokaci da maraice. Saboda haka muna so mu yi magana da ƙungiyoyinmu na Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu a kan wani abu da ba a cika sa shi cikin lissafin ƙarshen shekara ba, watau littattafan karantawa.

Ga dalilinmu. A wuraren da muke zagayawa mukan tarar da 'yan ƙungiya waɗanda suka yi ajin yaƙi da jahilci, waɗansu ma sun gama firamare, amma in takardar rancen taki ta zo sai su miƙa wa sakatare, su dangwala yatsa ba su san abin da ke ciki ba. Haka kuma a wajen maganin feshi. An rubuta ma'auni a jikin kwalba, amma sai a zuba da ka, wake ya ƙone. Mutanen nan sun koyi karatu sarai. Abin da suka rasa shi ne abin karantawa bayan an tashi daga aji. Karatu kuwa kamar fartanya yake, in aka jingine ta sai tsatsa. Ba kuwa mai zama da maraice yana bitar kwalbar magani. Amma labari mai daɗi, shi da kansa yake jan mutum daga shafi zuwa shafi.

Tun a 1933 aka ga wannan matsala. Rupert East na Ofishin Fassara a Zariya ya lura ana koya wa mutane boko, ga shi babu abin da za su karanta don nishaɗi. Sai ya sa gasar rubuta labarai. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Daga cikinsu da waɗanda suka biyo baya muka zaɓo muku iri uku.

LABARAI MASU ƊAURE KAI

Samari da 'yan mata sun fi son labarin da ba a san inda zai ƙare ba. A fara musu da Jiki Magayi, wanda John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da East. Wani attajiri, Malam Shehu, ya yi amfani da dukiyarsa ya aure Zainabu, yarinyar da Abubakar yake so. Abubakar ya shiga duniya neman hanyar ramuwa. Abin da ya sami ɗan da aka haifa a auren nan, ba za mu faɗa muku ba. Littafin ƙarami ne, dare uku ya isa, amma za a daɗe ana gardama a kan wa ya fi laifi.

Sai Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970. Labarin saurayi ne da ya raina zaman ƙauye, ya tafi birni, ya faɗa hannun miyagun abokai. Duk gidan da yake da ɗa mai shirin tafiya ci-rani Kano ko Legas, ya kamata a karanta shi a tsakar gidan kafin yaron ya ɗauki jaka.

Magidanta kuwa su nemi Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na farkon shekarun 1980. Yana tona yadda fasa-ƙwauri da cin hanci suke tafiya tare, da yadda mai kuɗi yake sayen bakin ma'aikata. Mu da muke jiha mai iyaka da Nijar ta Maigatari, ba baƙon zance ba ne a kunnenmu.

TARIHI

Da yawa cikin yaranmu suna tsammani Dutse ta fara ne a 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Jihar Kano aka mai da ita hedkwata. Ina! Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen 1438 zuwa 1452, wanda aka ce shi ne sarkin Kano na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse. Ana samun wannan tarihi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu da aka buga a farkon shekarun 1930. Akwai kuma Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Hausarsu ta dattawa ce, don haka a karanta a hankali, dattawa suna kusa don fassara kalmomi.

Wanda littafin tarihi ya yi masa nauyi, ya ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Minista. Ƙagaggen labari ne, amma ya nuna zamanin bauta yadda yake: an sace yaro, an ƙetara hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa. Mata sukan saurare shi shiru har ƙarshe.

Bayan karatu, a fita a gani da ido. Matasan ƙungiya suna iya haɗa kuɗin mota su je Birnin Kudu, su ga zanen shanu da mutanen dā suka bari a Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Su kuma tambayi tsofaffinsu abin da suka ji daga kakanni game da hare-haren Ningawa a wannan yanki, a rubuta a littafi kafin masu sani su ƙare.

TATSUNIYOYI

Kada wani magidanci ya ce tatsuniya ta yara ce. Ga wanda karatunsa ya yi tsatsa, babu abin da ya fi ta, gama ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi, ya san halin Kura, idonsa ne kawai yake koyon gane abin da kunnensa ya sani. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin ƙananan littattafai shida a farkon shekarun 1970, da Hausa mai sauƙi. Da su za a fara.

Daga nan sai uban tafiya, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku, na ƙarshen shekarun 1930. A na farko, aku ne yake tsare ɗan sarki Musa da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Kowane labari yana ƙarewa a zama ɗaya, daidai da hirar bayan tuwo.

YADDA ZA A YI

1. A taron wata mai zuwa, ƙungiya ta ware kuɗin 'yan kwanonin hatsi don littattafai. Ko biyar sun isa farawa.
2. A nema wurin masu sayar da littattafan makaranta a Dutse, ko a yi saƙo Kano ko Zariya. Waɗansu sun yi wuyar samu, sai a tambayi malaman Hausa na sakandare.
3. A sami akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ɗora shi kan dutse ko benci saboda gara.
4. A naɗa matashi ɗaya, namiji ko mace, ya riƙe littafin aro. Mako biyu ne iyakar aro. Wanda ya ɓatar, ya biya.
5. Sau ɗaya a mako a taru, a riƙa miƙa littafi hannu zuwa hannu, kowa ya karanta shafi da ƙarfi. Kada a yi wa mai tuntuɓe dariya. Zumuntar mata ta sa nata lokaci.

Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ƙare Magana Jari Ce kafin shuka, shi zai karanta takardar rance da kansa kafin ya sa hannu. Ƙungiyar da ta fara, ta rubuto mana sunan littafin da jama'arta suka fi so, mu kuwa za mu buga. Allah ya kai mu damina lafiya.