Damuwar Mai Jego da Haihuwar Tiyata

Sanannen abu ne ga ungozomomi cewa mai jego, kwana biyu ko uku bayan ta sauka, takan yi ta kuka ba tare da wani sababi ba, domin sinadaran da suka riƙe cikin suna raguwa farat ɗaya da zarar mabiyiya ta faɗo. Wannan kuwa yakan gushe kafin mako biyu, ba ya buƙatar komai illa rarrashi da hutu. Amma idan aka yi suna, har aka doshi arba'in, alhali abinci ba ya yi mata daɗi, barci ya ƙaurace mata ko da jinjiri ya kwanta, tana tuhumar kanta da laifin da ba ta yi ba, wani lokaci ma tana ganin ɗanta kamar baƙo, to lalle al'amarin ya zama ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata 13 cikin 100 na fuskantar larura irin wannan bayan haihuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa kusan 20.

Game da alaƙar ciwon da haihuwar tiyata, likitoci sun yi saɓani, sai dai hujja ta fi ƙarfi a kan aikin gaggawa fiye da wanda aka shirya tun farko. A ganina hikimar a bayyane take: wadda ta kwana tana naƙuda, aka shiga da ita ɗakin aiki tana kalmar shahada, ta farka da ɗinki a mara da bashin asibiti a wuyan maigida, ba a wurin wuƙa ta gamu da cutar ba, a wurin firgita da raɗaɗi ne. Sa'an nan ga harshen mutane, wanda ya fi ɗinkin zafi, domin ba a rasa kishiya ko dangin miji masu cewa raguwa ce, ta kasa haihuwa da kanta, alhali ceton rai biyu aka yi.

Ciwon yana da magani. Tun 1987 masana a Edinbura suka tsara tambayoyi 10 da ake gane shi da su, ana kuma warkar da shi ta hanyar shawarar ƙwararru ko ƙwayoyin da wasunsu ba sa hana shayarwa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Wadda ta fara ambaton halaka kanta ko jinjirinta kuwa, kada a tsaya cewa iska ce, a kai ta ga likita a ranar.